Daminar da Gyaɗa Ta Kuturce

Bana gyaɗar jikana ta kuturce. Ya ɗora ni a amalanke muka je in gani, don ya ce shi bai taɓa ganin irin wannan ba. Ganye ya ƙanƙance ya murɗe, ya yi rawaya-rawaya, kowane gindi ya dunƙule wuri guda ya ƙi yaɗo. Muna tsaye sai ga malamin gona daga Magariya a kan moto. Ya durƙusa ya kife ganye ɗaya, ya nuna mana wasu ƙwari baƙaƙe manne a ƙasansa, ƙanana kamar kwarkwata. Ya ce shi ciwon ido ba ya ganinsa, ba shi da ƙafa ba shi da fiffike, inda ya faɗi nan yake zama. Ƙwarin nan ne ke tsotsar gindi mai ciwo su kai wa mai lafiya a bakinsu. Su ma ba ƙarfi gare su ba, iska ce ke kwasarsu daga gona zuwa gona, tururuwa kuma na kiwonsu saboda zaƙin da suke fitarwa. Ya ce gonar da aka shuka a makare, aka bar sarari tsakanin gindi da gindi, ita suka fi so. Wadda aka shuka da wuri ta rufe ƙasa, ba su cika sauka a kanta ba.

Na ce, "Ɗan nan, mutum fa? In mutum ya ratsa gona da ƙafarsa, yakan kai mata?"

Ya yi dariya. "A'a, Iya. Babu ruwan mutum a ciki."

Na zauna a ƙasa. Suka ɗauka rana ce ta buge ni, jikana ya ruga neman ruwa.

Zamanin Nasara ne, ina budurwa ban kai aure ba. Ƙauyenmu na ƙasar Kwaya, bisa jigawa, da fadama daga gabas. Mahaifina sunansa Nomau, kuma kuturu ne. Ciwon ya same shi bayan an haife ni, shi ya sa ni kaɗai gare su. Da na yi wayo yatsun hannunsa sun riga sun tafi, sai guntaye, ƙafafunsa kuma ba sa jin ƙaya ba sa jin wuta. Yanzu an ce ƙwaya ake ba su a likita, ciwon ya tsaya tun bai ci yatsa ba. A lokacin sai haƙuri. Mutanen gari sun saba da shi. Ba a gudunsa, ba a kuma sa hannu a akushi ɗaya da shi. Yana da ƙwaryarsa, yana da wurinsa a ƙarshen sahu, yana da barkwanci da ke sa dattawa su riƙe ciki. Innata Hajara mai matsar mai ce. Kullum gidanmu da hayaƙi da ƙamshin suyar gyaɗa, ƙuli-ƙulinta har Bande ake kaiwa.

Gyaɗa a shekarun nan ba abin marmari ba ce. Kumandan na Magariya ke son ta, da ita ake biyan lamho, wato haraji, wanda ya rasa kuwa gardi, dogaran Nasara, za su zo masa da igiya. Wannan shekarar, tun cikin rani, mai gari ya yi shela cewa Nasara zai aiko da sabon iri mai yawan ƴaƴa, kowane magidanci mai ƙarfi ya jira, kada ya shuka tsohon. Baba ba ya cikin masu ƙarfi, ba a sa da shi ba. Sauran mutane da bazara ta matsa, rumbu ya yi ƙasa, sai suka cinye tsohon irinsu, tunda ga sabo yana tafe. Mu namu yana cikin tulu, Inna ta liƙe bakinsa da laka.

Bazarar ta yi zafi. Da hantsi yashi ya fi ƙarfin tafin ƙafa, kaji na tsaye baki buɗe a gindin randa. Mukan zauna a rumfa ni da Inna muna ɓarar iri, Baba yana gefe yana tara ɓawo da gefen hannunsa, yana mana tatsuniyar ƙarya da rana tsaka, Inna tana cewa ya ji tsoron Allah.

Ruwan fari ya sauka da la'asar, da iska mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Washegari kowa ya fita shukar hatsi. Mu da muka gama hatsin sai muka wuce kai tsaye muka shiga gyaɗa, ƙasa tana da sauran danshi. Inna ce ke sara da sungumi, Baba na biye da ita yana zuba iri, ni ina rufewa da diddige. Ba ya iya ɗaukar ƙwaya biyu, sai dai ya karkata tafin hannu su zubo yadda suka so. Takunsa kuma gajere ne, dole Inna ta matso da ramuka kusa da juna.

Takan ce, "Malam, za ka ƙarar mana da iri tun ba mu kai rabin gona ba."

Shi kuma ya ce, "Ƙasa ba ta raina kyauta, Hajara."

Gonar ta fito cunkus, kamar an shimfiɗa koren bargo.

Irin Nasara bai iso ba sai da gero ya kai gwiwa. Da ya iso ma bai isa ba, kowa ya samu ɗan kaɗan, aka shuka shi tsilli-tsilli don ya cika gona. Yana tsirowa ruwa ya ɗauke.

Ban manta wannan farin ba. Hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, mu fito da ƙore da tukwane, iska ta watsa shi muna kallo. Gero ya naɗe ganye da rana kamar mai jin kunya. Abinci ya koma tafasa da yaɗiya da ɗan garin dusa, ka ci ciki ya cika, ka miƙe gwiwa ta ƙi. Muna noman farko da yunwa, hauya tana tashin ƙura maimakon laka. A cikin kwanakin nan ne muka fara jin ganyen gyaɗa yana danƙo a ƙafa, abin da muke kira darɓa, tururuwa tana hawa tana sauka. Babu wanda ya kula. Wa zai kula da tururuwa?

A gonar Baffa Sale abin ya fara, ƙanen Baba uwa ɗaya uba ɗaya, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da tamu. Gindi ɗaya nan, ɗaya can, sai ya zama fili guda. Daga nan ya bi gonaki yana yin yamma. Aka yi roƙon ruwa, aka yi sadakar gumba, aka binne rubutu a kusurwoyin gonaki. Abin bai tsaya ba. Tamu kuwa tana nan kore shar a tsakiyarsu, har ta fara fure.

Sunan ciwon ba wani ya ƙirƙire shi a shekarar ba. Tun kakanni kuturtar gyaɗa ake ce masa. Amma suna in an yi ta maimaita shi a gari mai yunwa, yakan nemi mai shi. Yara suka fara, suna bin Baba da waƙa. Sai mata a bakin rijiya suka riƙa janye gugansu in na sa nawa. Daga baya Baffa Sale ya ce a gaban jama'a ya ga Yayansa yana ratsa gonarsa da safe. Gaskiya ne kuwa. Ta nan hanyarmu take, ta nan muke bi tun kafin a haife ni.

Aka kira Baba ƙofar mai gari bayan la'asar. Ni da Inna muna bayan dangar gidan muna ji.

Mai gari ya ce, "Nomau, ka ga halin da ake ciki. Gonar kowa ta kamu, taka ce kaɗai ta tsira. Mutane na magana."

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, me suke cewa?"

Baffa Sale ne ya amsa. "Cewa suke ka samo asiri, kana sauke ciwonka a gonakin mutane. Ni ban faɗa ba, Yaya, amma tawa ce ta fara."

Baba ya ɗaga hannuwansa biyu sama, ya juya su kowa ya gani. Ya ce, "Sale, dubi nan. Da ana sauke shi, da ban sauke ba tun da sauran yatsa?"

Wani ya yi dariya, aka harare shi ya haɗiye ta. Liman ya ce cuta da lafiya duk na Allah ne, amma da muryar da ba ta wuce gemunsa ba. Mai gari ya daɗe yana kallon ƙasa. Ba mugun mutum ba ne, tsoro gare shi. Ya ce, "In Kumandan ya tambaye ni me na yi, me zan ce? Ka fita hayin fadama ka zauna, sai an cire gyaɗa. In ba kai ba ne, Allah ya sani."

Da safe mutanen gari suka zo. Suka fito da tabarmarsa da takalmansa na fata suka cinna musu wuta a ƙofar gida. Suka ce ba zai bi ta gonaki ba, sai ta burtalin shanu, samari biyu na biye da shi suna jan reshen ƙaya a ƙasa don su shafe sawunsa. Burtalin nan cike yake da tsidau da ƙayar aduwa. Shi ba ya ji. Yana tafe a hankali da sandarsa a hammata, duk inda ya ɗaga ƙafa sai ka ga jini, samarin kuma su ja ƙaya a kai.

Inna ta ɗauko kayanta za ta bi shi. Aka ce in ta kwana can, ba ta ƙara taka gari ko gona. Baba ya waiwayo ya ce, "Koma, Hajara. Gona na son maimai." Ya dube ni ya ce, "Uwani, ki riƙa kawo mini labarinta."

Muka kafa masa bukkar kara a gindin wata tsamiya. Bai yi kwana uku a can ba sama ta ɓalle da ruwa. Marka ta kafu, kwaɗi suka cika fadama da kuka, gero ya miƙe. Mutane suka riƙa cewa a bakin masallaci, "To, kun gani?" Kuturtar gyaɗa kuwa ba ta fasa ba, ta ci gaba da cin gonaki har na ƙauyen gaba, inda Baba bai taɓa zuwa ba. Suka ce abin da ya riga ya shuka ne yake tsirowa.

Ni ke kai masa abinci. An ce in ajiye a bakin ruwa in koma, amma nakan ɗora ƙwarya a ka in ratsa, ruwa wani lokaci iya gwiwa, wani lokaci iya ƙirji. Abin da za a kai ɗin ma shi ne wuya. Mutum biyu suka taimake mu. Akwai wani Bafulatani mai ruga a hayin, mai noma da kiwo, matarsa takan ajiye masa nono a ƙofar bukka. Sai Gwaggo Tani maƙwabciyarmu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Ɗanjuma. Ita ma tana suyar gyaɗa kamar Inna. Takan miƙo ɗan gero ta kan danga a ƙunshe cikin gefen zane, ta ce, "Ungo, kada ki ce ni ce."

Raunukan burtali ba su warke ba. Bukkar tana yoyo, ƙafafun kullum a jiƙe, suka kumbura suka fara wari. Wata safiya na tarar ɓera ya ci gefen diddigensa yana barci bai sani ba. Wata rana kuma ya matsa kusa da wuta saboda sanyi, sai ƙauri ne ya gaya masa. Ina wanke masa da ruwan bagaruwa ina kuka, shi yana tambayar labarin gyaɗa.

"Ta rufe ƙasa duka?"

"Ta rufe, Baba."

"Ta fara soka ƙafa a ƙasa?"

"Ta fara."

"Madalla. Ki ce wa Innarki kada ta yi mata noma da zurfi yanzu, za ta yanke ƴaƴan."

Da Inna ta ji yadda ƙafar ta koma, ta je gidan Baffa Sale, ta durƙusa a ƙofar zaurensa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Ɗan uwanka ne. Ka je ka roƙi mai gari a dawo da shi ko bayan gida ne, ba zai fita ba." Yana gyaran ƙotar fartanya, bai ɗago ba. Ya ce, "An ce sai an cire gyaɗa. Ni ba ni na yanke ba."

Sai aka yi wani ruwa wanda ya ƙi tsayawa. Fadama ta cika ta batse, ta tafi da ɗan maraƙin wani. Kullum in je bakin ruwa da ƙwarya in tsaya, ina hango kan tsamiyar, ba na ganin hayaƙi. Na yi kira har muryata ta dushe. Ranar da ruwan ya fara ja, kafin in shiga, sai na ga Bafulatanin nan yana ratsowa da sandarsa a kafaɗa. Su ma ruwan ya raba su da wurin. Da ya iso, ya karɓi ƙwaryar daga kaina ya ajiye a ƙasa.

Shi da liman da Ɗanjuma suka binne Baba a can hayin. Ba wanda ya ƙara zuwa. Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Da takaba a jikinta ta koma gona, don babu mai yi mata.

Kaka ta zo. Mutane suka ciri gyaɗarsu, saiwa ce zalla, in an samu ƙwanso a matsa a ji iska. Tamu in ka ɗaga gindi ɗaya sai ya yi maka nauyi a hannu. Muka tara ta a tsakar gida, waɗanda suka daina bin ƙofarmu suka dawo suna leƙe ta kan danga. Gardi suka zo kan lamho, aka sayar da awaki da zannuwan aure, aka ɗaure wasu magidanta a rana a ƙofar mai gari. Aka kuma ce baɗi babu wani iri da zai zo daga Magariya, kowa ya nemi nasa.

Ba a jima ba sai ga Baffa Sale da manzon mai gari a gidanmu. Baffa ya ce, "Gonar Yayana ce, kuma bai bar ɗa namiji ba. An yanke a ajiye gyaɗar nan a rumbun mai gari ta zama irin gari. Za a bar muku abin matsar mai."

Inna ta ce, "Ba ta da kuturta?"

Ya ce, "Mai abin ya tafi da abinsa."

Ta dube shi har ya kau da kai. Sannan ta ce, "To. Amma ba ta gama bushewa ba, in an zuba a rumbu haka za ta yi fumfuna. Ku bar ni in gyara muku ita."

Kwanakin da suka biyo ta hura wuta ƙarƙashin babban kaskonta, ta zuba yashi. In ya yi zafi sai ta zuba gyaɗar da ɓawonta, ta juya kaɗan, ta kwashe tun ɓawon bai sauya kama ba, ta baza a tabarma. Na tambaye ta, ta ce ƙwari take kora. Na yarda. Hayaƙi a gidanmu ba baƙon abu ba ne, ba wanda ya leƙo. Ranar ɗurawa a taiki Gwaggo Tani ta shigo ta kama mana, suna hirar tsadar gishiri. Inna ba ta ce mata komai ba.

Da bazara ta zagayo aka raba irin gida-gida. Masu ɓara suka yaba, suka ce ba su taɓa ganin gyaɗar da ta bushe haka ba, ɓawo na fashewa da taɓawa ɗaya. Ruwan fari ya sauka mai kyau. Wannan karon ba wanda ya jira, gari duka ya fita, har da waƙa. Hatsi ya tsiro. Wake ya tsiro. Ciyawa ta tsiro a gonakin gyaɗa ta yi kore, ana zuwa safe da yamma ana duba ramuka. Ko ɗaya.

Baffa Sale ya shigo gidanmu ba sallama, mutane na biye da shi. Ya buɗe hannunsa a gaban Inna. Iri ne da ya tono, ya jiƙe ya rabe biyu, cikinsa ja-ja. Da na gani na gane soyayye ne.

Ya ce, "Me kika yi wa irin nan?"

Inna tana tankaɗe, ba ta ajiye rariya ba. Ta ce, "Irin kuturu kuka shuka, Sale. Da wane hannu zai ture ƙasa?"

Ya ɗaga hannu zai mare ta, wani dattijo ya riƙe shi. Rabin mutanen sun san abin da ta yi. Rabi kuma suka ja da baya suna salati, sun ɗauka Nomau ne ya miƙo hannu daga hayin fadama. Ko ta wace hanya, lokaci ya ƙure, babu iri ko a kasuwa. Mai gari ya aiko cewa mu bar masa gari kafin wata ya mutu.

Ba mu jira ba. Da safe muka ɗaure abin da za mu iya ɗauka, muka kama hanyar Dungas wurin dangin Inna. Mun wuce gonakin ƙarshe sai muka ji ana kira. Gwaggo Tani ce, tana sauri da ƙwaryar fura. Inna ta tsaya, ta kasa kallonta, don gonar Ɗanjuma ma da irin nan aka shuka ta.

Inna ta ce, "Tani, ban gaya miki ba."

Gwaggo ta ce, "Sai kin gaya mini? Ni ma mai suya ce, Hajara. Tun ranar da muke ɗurawa na ji ƙamshin."

"To don me kika karɓa kika shuka?"

"In na ƙi karɓa, ba za a tambaye ni dalili ba?" Ta ɗora mini ƙwaryar a kan kayana. "Ku sha da wuri, nonon na jiya ne."

Ta juya ta koma, muka ci gaba.

Da kaka gardi suka sake zuwa ƙauyen. Ɗanjuma ba shi da ko akuyar da zai sayar, ya tsallaka ƙasar Ingilishi da rigar jikinsa, wai zai yi dako a Kano ya dawo. Bai dawo ba, ba a kuma ƙara jin ɗuriyarsa ba. Wani mai tallar kanwa ne ya kawo mana labarin a Dungas, ya ce tsohuwar tana nan ita kaɗai, maƙwabta ke miƙa mata abin da ya samu. Inna tana daka a lokacin. Ta tsayar da taɓarya, ta ce, "Allah sarki, Tani." Sannan ta ci gaba da daka.